Mutumin da Ya Dafa Dutsen Teku

An yi wani mutum a Legas, can wajen Lekki. Ba zan kama sunansa ba, don yana nan da ransa. Allah ya ba shi gida, ya ba shi mace tagari, Sidikatu, da 'ya ɗaya tilo, Morayo, mai fama da ciwon fuka tun tana goye. Cutarsa ɗaya ce: ba ya iya ganin abu a hannun wani ya yi barci.

Wata rana suka je cin abinci gidan ƙanin matarsa, Mufutau. A falo ga wani akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, kifaye masu launi suna kai-kawo tsakanin duwatsun murjani masu rai, irin na ƙarƙashin teku. Baƙi suka yi cincirindo, ana ta yabo. Mutumin nan sai tuwon amala ya tsaya masa a wuya. Yaron da shi ya samo wa aiki?

Ba a jima ba ya sayo nasa, wanda ya ninka wancan girma. Mufutau ya zo gani, ya ce, "Yaya, ka bar ruwan ya nuna tukuna, ba a saka kifi a sabon ruwa. Sannan dutsen nan, akwai abu ɗaya da kada ka kuskura ka yi masa..."

Mutumin ya ɗaga masa hannu. "Riƙe abinka! Yaushe aka haife ka? Ina cin kifi kana zanen goyo."

Ya 'yan uwa, ku riƙe wannan maganar da aka katse. Za mu dawo kanta.

A ranar ya juye kifayen duka, ya gayyaci dangi su zo ranar Lahadi su sha kallo. Kafin Lahadin ruwa ya gurɓace, kifaye suka yi ta tasowa ciki a sama, gansakuka ta rufe duwatsun, falo ya ɗau wari. Sidikatu ta ce, "Baban Morayo, don girman Allah ka kira Mufutau mana. Waya ce fa kawai."

Ya ce, "Ni? In kira shi ya yi ta yawo da ni a dangi? Allah ya sauwaƙe."

Ran Asabar da hantsi ya sauko da babbar tukunyar da ake dafa-dukar biki, ya zuba duwatsun, ya ɗora a wuta. A tunaninsa ba ƙazantar da tafasasshen ruwa ba ya kashewa. Bai san cewa wasu 'yan halittu masu taushi da ke manne a dutsen, masu kama da furanni, dafi gare su ba. Dafin da wuta ba ta kashe shi, sai dai ta tashe shi ya bi tururi.

Tagogi a rufe suke ruf saboda na'urar sanyi. Morayo tana zaune a bakin ƙofar kicin, tana zana wa babanta kifi don ya daina ɓacin rai.

Akwai wani aku da suke kiwo a gidan, shi ne ya fara faɗowa a kejinsa. Sidikatu ta ce bakinta na ɗanɗanon ƙarfe. Idanun mutumin suka yi jawur, ƙirjinsa ya ɗaure, amma ya ce a ƙara wa tukunya wuta. Sai da ya waiga ya ga Morayo tana buɗe baki, iska ba ta shiga.

Su ukun aka kwantar a asibiti. Biyu suka fito.

Dangin da ya gayyata kallo sun zo ranar Lahadin, amma tabarmar makoki suka tarar. Mufutau ya durƙusa kusa da shi, hawaye na zuba, ya ce, "Yaya, kada a tafasa shi. Abin da na so gaya maka ke nan ran nan."

Ya 'yan uwa, wa ya kashe yarinyar nan? Dutse? Dutse yana zamansa lafiya a ruwa. Hassada ce ta sayo akwatin, gaggawa ta zuba kifin, girman kai ya hura wutar. Ba a banza aka ce da girman kai rawanin tsiya ba. Wallahi duk sanda na tuna, jikina sanyi yake yi. Da ya bari ƙaramin ya ƙarasa maganarsa, me zai ragu a jikinsa?

Yau kai maganar wa ka katse don ka girme shi?

Allah ya kiyaye mu da zuciyar da ba ta iya tambaya. Allah ya sa kada girman kanmu ya faɗa kan 'ya'yanmu. Amin.