Ragowar Maganin Haƙori

Gatanan gatananku, jama'ar wannan shafi. In kun ce ta zo mu ji ta, to ku gyara zama.

Akwai wani tela da 'yan layinsu ke kira Dokta. Bai taɓa leƙa ajin likitanci ba, amma ko tari ka yi a shagonsa sai ya faɗa maka sunan ƙwayar da za ka sha.

Ana nan sai turminsa na can ƙarshe, wanda wasu ke ce wa haƙorin hankali, ya tasa shi gaba. Sai da aka tsaga dasashi kafin a ciro shi. Likitar haƙori ta miƙo maganin rage zafi tana bayani, shi kuwa da auduga a baki yana ta latsa waya. Matarsa ce ta kasa kunne: a sha bayan cin abinci, a daina in zafi ya lafa, kada mai gyambon ciki ya kusance shi.

A hanya ta tsokane shi. "Yau an cire hankalin, sai mu ga abin da ya rage."

"Abin da ya rage ya ishi layin nan kaf," in ji shi.

Ya warke, sauran ƙwayoyin ya jefa su aljihun keken ɗinki.

Wata rana mahaifiyarsa ta shigo shagon tana dafa bango. Ciwon gwiwa ya hana ta sujada, sai dai ta yi salla a kan kujera, abin yana damunta ƙwarai. Dokta ya jawo aljihun keke.

"Inna, ungo. Wannan ya kwantar da haƙori, balle gwiwa."

Da matarsa ta ga maganin a hannun tsohuwa, ta ja shi gefe. "Baban yara, Inna fa tana da gyambon ciki. Likita ta ce..."

"Likita ta ce, likita ta ce! Ke za ki koya mini tausayin uwata?"

Ta juya ta ci gaba da aikinta.

Magani kuwa ya yi aiki. Inna ta kai goshi ƙasa, ta yi ta sa masa albarka. Da ƙwayoyin suka ƙare ya sayo mata irinsu a kemis. Tana tashi da safe take haɗiya, ciki ba komai.

Ranar da ta yi aman jini aka kwashe ta zuwa asibiti. Likita ya ɗaga takardar maganin a gaban 'ya'yanta duka.

"Wa ya ba ta wannan?"

Inna ta buɗe ido da ƙyar, ba ta ko kalli inda Dokta yake ba.

"Ni na saya da kaina. Yarana ba su sani ba."

Ba ta dawo gida ba.

A wajen zaman makoki yayarsa tana kuka tana faɗa wa masu gaisuwa: "Inna da taurin kai! Tana shan magani a ɓoye. Da ta tambayi ƙanina, ai da ya hana ta."

Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Dokta ya ɗago ya nemi idon matarsa. Ta ci gaba da zuba wa baƙi ruwa.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.

Darasi: Maganin da aka rubuta maka naka ne kai kaɗai, ko uwarka ce kada ka miƙa mata ragowarsa. Wanda kuma ya ja ka gefe ya yi maka gyara, saurare shi tun da sauran lokaci. Ku tura wa 'yan uwa, akwai irin wannan ƙwayar a gidaje da yawa.