Zogalen da Aka Shanya a Rana

Akwai wani matashi a Ƙofar Marusa mai suna Nu'uman, ɗalibin ajin ƙarshe a wata kwalejin kimiyya cikin Katsina. Yana da ƙoƙari, kuma ya san yana da shi.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, aka sanar a kwalejin cewa wanda bincikensa ya fi kyau za a tura shi ƙaro karatu. Nu'uman ya zaɓi ganyen zogale, zai auna sinadaran cikinsa masu kare jikin mutum daga lalacewa.

Gwajin ba shi da wuyar ganewa. Akwai wani ruwa mai launin shunayya. In aka ɗiga masa ruwan ganye mai ƙarfi, sai ya koɗe ya koma rawaya. In ganyen ba shi da ƙarfi, sai ya tsaya yadda yake.

Da yake sauri yake yi, sai ya baza ganyensa a kan siminti, cikin tsakiyar rana, a bayan ɗakin gwaji.

Baba Sabuwa, wata dattijuwa daga unguwar Gobarau da ta yi shekara goma sha bakwai tana share ɗakin, ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Ɗana, ganyen ga ba ya son rana. A ɗaki ake shanya shi, inda iska ke shiga. In ya yi fari-fari, ya tashi aiki."

Nu'uman bai ko ɗago kai ba. "Baba, wannan ba miya ba ce, kimiyya ce. Ki ji da shararki."

Ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Ta wuce.

Kwana biyu ganyen ya bushe ƙayau. Ya daka shi, ya zuba a ruwa ya yi ta tafasawa, wai don ƙarfin ya fito duka. Ya tace, ya ɗiga a ruwan gwaji.

Shunayyar ta ɗan dusashe kawai.

Ya sake, haka. Ya sake har sau shida. Daga nan ya tafi wurin malaminsa, Dakta Sada, ya ce sinadaran ɗakin gwajin duk sun lalace.

Dakta Sada ya zo ya murza garin a tafin hannu, ya dubi launinsa. Sannan ya leƙa waje.

"Baba Sabuwa, ko kina da zogale a gida?"

Washegari ta kawo ƙulli ɗaya na busasshen ganye, kore shar kamar ranar da aka tsinke shi. Dakta Sada ya jiƙa kaɗan ba tare da ya ɗora a wuta ba, ya tace, ya miƙa wa Nu'uman.

"Ɗiga da hannunka."

Ya ɗiga. A gaban idonsa ruwan ya koma rawaya.

Dakta Sada ya ce, "Sinadaranmu lafiya lau suke. Zafin rana ya cinye wani abu, tafasa ta ƙarasa saura. Babu wanda ya faɗa maka?"

Nu'uman ya waiwaya. Baba Sabuwa na gefe tana goge tebur.

Kwana huɗu suka rage a miƙa aiki, ba su isa a sake shanya ba. Gurbin karatun ya tafi ga wata ɗaliba, shi kuma aka ce ya maimaita bincikensa daga farko.

Ranar Asabar ya yi ta tambaya a lungunan Gobarau har ya sami gidan. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya gaishe ta, ya tambayi iyali da gajiya. Sannan ya ce, "Baba, ki yafe mani. Na zo ki koya mani."

Ta dube shi, ta dubi littafin da ke hannunsa. Ta ɗaga labulen wani ɗaki, ganye shimfiɗe a kan tabarmi.

"Tuɓe takalmi ka shigo. Ka bi ta gefe, kada ka taka."

Darasi: Kada ka raina maganar mutum don aikinsa ƙarami ne a idonka. Abin da kake nema a littafi, wataƙila wani ya daɗe da saninsa da hannunsa. Saurare kafin ka yanke hukunci. Tura wannan labari ga ɗaliban da ka sani, ko wani zai amfana.