Ragar da Nouhou Ya Ƙi Ɗaurawa

Akwai wani direban bas ɗan Maraɗi mai suna Nouhou, yana zaune a unguwar Les Minguettes, gefen birnin Lyon, cikin dogayen benayen nan. Shi da matarsa Aïssata da 'yarsu guda, Rufaida, mai shekara shida. Gidansu yana hawa na huɗu.

Nouhou ba mugu ba ne. Yana riƙe gidansa, ba ya wasa da salla. Amma mutum ne da ba ya son a gwada masa, musamman in mai gwadin ƙasa yake da shi. Duk cikin dangin matarsa kuwa babu wanda ya raina kamar ƙanenta Daouda.

Daouda a Paris yake. Yana aiki a wani kanti a Aubervilliers, gefen birnin, inda ake sayar da kayan karnuka da na kyanwoyi: igiyar wuya, takunkumi, ƙwallon roba, kwandon kwana. Masu dabbobi su zo, ya tambaye su girman dabbar da halinta, sannan ya gaya musu abin da ya dace su saya da wanda zai cutar da ita. Wannan sana'a ita ce abin dariyar Nouhou. Ko a waya ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce wa matarsa, "Ga dogarin karnuka can yana nemanki."

A shekarar 1996 wata maƙwabciyarsu ta tashi, ta bar wa Rufaida 'yar kyanwa ja. Yarinyar ta sa mata suna Karamel. Tare suke cin abinci, tare suke kwana, duk inda kyanwar ta sa ƙafa Rufaida tana biye da ita.

Da babbar Salla Daouda ya hau jirgin ƙasa ya zo Lyon. Ya tarar da falo cike da abokan Nouhou, ana cin nama. Bayan an gaisa ya buɗe jaka. Ya ba yayarsa turare, ya ba Rufaida wani ɓeran ƙyalle da sanda mai gashin tsuntsu don ta riƙa wasa da kyanwarta. Sannan ya fito da wani ƙunshi ya ajiye gaban Nouhou. Raga ce mai ƙarfi, irin wadda ake ɗaurawa a baranda daga sama har ƙasa.

Ya yi masa bayani a hankali. Ya ce kyanwar bene in ta ga tattabara hankalinta tashi yake, ta haye ƙarfen baranda. Ya ce kusan kowane mako sai wani ya shigo kantinsu neman raga bayan kyanwarsa ta riga ta faɗo.

"Kuma Yaya, ba kyanwar ce ta fi damuna ba," in ji shi. "Na ga yadda yarinyar nan take bin ta. In ka yarda, yanzu-yanzu in ɗaura ta kafin in tafi."

Nouhou ya dubi abokansa. Ya ga wani yana murmushi, sai ya ji kamar an zubar masa da girma a falonsa.

"Daouda, a Maraɗi kyanwa kan katanga take kwana, wa ya taɓa yi mata raga? Ka zauna da Nasara har ka fara bauta wa dabba. Ni zan koya maka tsaron kare ne, ko kai za ka koya mini riƙon 'yata?"

Aka yi dariya. Daouda ya bar ragar inda ya ajiye ta. Ya ci namansa kaɗan, ya yi wa yayarsa sallama, ya koma Paris a ranar.

Abin da Nouhou bai gaya wa kowa ba shi ne, bayan baƙi sun watse ya fita barandar ya auna ƙarfen da idonsa. Ya ga gajere ne. Ya san maganar yaron gaskiya ce. Amma ya tuna abokansa za su dawo su ga raga a ɗaure, su gane ya bi shawarar wanda ya yi wa dariya. Sai ya ɗauki ƙunshin ya tura bisa kabad.

Aïssata ta tuna masa, ya ce sai Lahadi. Ta sake tuna masa, ya ce ya hana yarinyar hawa kujera a baranda, hani kuwa ya isa. Da ta yi magana ta uku ya ɗaga murya, ya tambaye ta ko gidan nan na ƙanenta ne. Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba.

Zafi ya shigo. A irin benayen nan in ba a buɗe ƙofar baranda ba, ɗaki ba ya zaunuwa. Wata Asabar Aïssata ta tafi kasuwa, ta bar Rufaida wurin ubanta. Nouhou ya dawo daga aikin asuba a gajiye. Ya kishingiɗa gaban talabijin yana jin yarinyar tana kiran kyanwarta, barci ya ɗauke shi.

Ihun wata mata daga ƙasa ne ya tashe shi.

Ya dubi baranda. Kujera tana jingine da ƙarfen, takalmin Rufaida ɗaya yana kanta. Kyanwar tana can a barandar maƙwabta, zaune lafiya lau. Bai san yadda ya sauko matakalar ba. Ya tarar da 'yarsa cikin shuke-shuken bakin bene, idonta a buɗe, ba ta kuka, ƙafafunta ba sa motsi.

Ta rayu. Amma likitoci suka ce ƙashin bayanta ya karye, da wuya ta sake takawa. Bayan an yi mata aiki suka ce sai a kai ta wani asibitin yara kusa da Paris, inda za ta daɗe.

Daouda ya iso Lyon tun ranar da abin ya faru. Nouhou ya yi ta jiran maganar da ya san ya cancanta, har yana fatan a faɗa masa ita ko ya ji sauƙi. Daouda bai faɗa ba. Da aka kai yarinyar Paris, ya bar wa yayarsa ɗakinsa na unguwar Château Rouge, shi ya koma kwana wurin aboki. Kullum ya tashi aiki sai ya wuce asibiti da abinci.

Aïssata ba ta nemi saki ba, ba ta kuma yi faɗa ba. In Nouhou ya kira, za ta gaya masa abin da likita ya ce, ta ajiye waya. Shi kuma ya zauna Lyon shi kaɗai saboda aiki, yana tuƙa bas, yana wuce makarantar Rufaida safe da yamma. Abokan da suka yi dariya a falonsa sun zo jaje sau ɗaya, kowa ya koma harkarsa.

Da ya samu hutu ya je Paris. Ya tarar an zaunar da ita a keken guragu, ta rame, ana koya mata juya shi da hannu. Ya durƙusa gabanta. Yarinyar ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce. "Ka hana ni hawa kujera, na hau. Kada ka yi fushi da ni."

Aïssata ta juya fuskarta ga bango. Nouhou ya kifa kansa a kan ƙafafun 'yarsa, ƙafafun da ba su ji nauyinsa ba, ya yi kuka har sai da ma'aikaciyar jinya ta zo ta fitar da shi.

Darasi: Kada ka ƙi shawarar kirki don ka raina sana'ar mai ba ka ita, ko don kana jin kunyar idon abokai. Masu taya ka dariya ba za su taya ka jinya ba, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba shi ke ɗaukar sakamakon girman kanka. In akwai abin da aka gaya maka ka gyara a gidanka, ka tashi ka gyara shi yau. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa, musamman iyayen da ke zaune a bene da ƙananan yara.