Warin Ɗakin Baba Wendell

Akwai wani dattijo a garin Duluth na ƙasar Amurka mai suna Wendell Haugen, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa. Da matarsa ta rasu, ɗansa Travis ya ɗauko shi ya ba shi ɗakin ƙasa na gidansa, kusa da inda bututun ruwa yake shigowa.

Ba a jima ba wani wari ya fara tasowa daga ɗakin, mai kama da zarni. Kullum ƙaruwa yake.

Wata safiya suna shan kofi, Travis ya toshe hanci.

"Baba, faɗa mini gaskiya. Fitsarin kwance kake yi?"

Tsohon ya ajiye kofinsa. "Ni, Travis? Ni da na wanke maka naka?"

"To daga ina warin yake? Ko baƙi na daina gayyata saboda kunya."

Daga ranar Wendell ya daina hawowa cin abinci. Ya riƙa dirje jikinsa da sabulu har fatarsa ta tsattsage. Ya jefar da katifarsa, ya jefar da bargon da matarsa ta saƙa masa. Wari bai tafi ba. Har shi kansa ya yarda daga jikinsa ne.

Da Travis ya kawo zancen gidan kula da tsofaffi, Wendell bai yi musu ba. Ya haɗa jakarsa da kansa.

Tsoho ya tafi, wari yana nan.

Sai da ruwan wanka ya fara zuwa da ƙarfin da ya wuce kima Travis ya kira mai gyaran famfo. Mutumin ya cire allon bango a bayan gadon. Na'urar da ke rage ƙarfin ruwan gidan ce robar cikinta ta tsage. Ta daɗe tana ɗiga a ɓoye, katako ya ruɓe, fumfuna ta cinye bangon.

"Ga warinku nan," in ji shi. "Zan sa sabuwa yanzu. Wa yake kwana a nan? Allah sarki, ya shaƙi abu."

Travis ya fita, sai gidan tsofaffin. Ya ɗauki mota.

Ya tarar da mahaifinsa zaune a bakin taga, ya rame, yana tari.

"Baba, ba kai ba ne. Famfo ne. Ka yafe mini, tashi mu tafi gida."

Ya sunkuya zai rungume shi. Wendell ya ja baya, ya ɗaga hannu.

"Tsaya daga nan, ɗana. Kada in ɓata maka riga."

Bai koma gidan ba. Kafin ƙanƙarar hunturun shekarar ta narke ya rasu.

Darasi: Ka bincika kafin ka ɗora wa mutum laifi, musamman wanda ba shi da ƙarfin kare kansa. Famfo yana gyaruwa a yini ɗaya, amma mutuncin da ka zubar wa iyayenka ba lallai ka samu lokacin kwashewa ba. Ku tura wa duk wanda yake da tsoho a gida.