Suna Ɗaya da Baba Jatau Ya Nema

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, ga wata nan gare ku, amma ba ta gizo ba ce. Wannan da idona na gan ta, har da hannuna a ciki. Kai mai jar riga, tun ɗazu kake ta da jijiyar wuya a kan kulob ɗin da ko sunan garinku bai taɓa ji ba. Zauna ka ji yadda ake son ƙwallo.

A zamanin da nake ba ku labari, nan Kwarin Marke muna da ƙungiyarmu, sunanta Guguwa. Ba mu cikin wata babbar gasa, ba a taɓa kiran sunanmu a rediyo ba. Gasar garuruwan bakin gulbi muke bugawa, mu takwas, kofin ma maƙeri ne ya ƙera mana. Ni Cindo ni ne gola, kuma ina cikin mutum bakwai na kwamitin ƙungiya. Ku yi dariyarku, wannan gwiwar da kuke jin tana ƙara ta taɓa tashi sama. Ranar wasa tun azahar teloli ke rufe shago, mahauta su karyar da sauran nama su wanke hannu, mata su shimfiɗa tabarmi a gindin marke. Rigunanmu a marina aka rina su, kowace da irin shuɗinta, in gumi ya jiƙa mu sai mu koma gida da shuɗin ciki. Wallahi ina kewar lokacin nan.

Filin kuwa ba namu ba ne. Gonar wani dattijo ce, Baba Jatau, ya ba mu aro saboda son da yake wa wasan. 'Ya'yansa ba su taɓa so ba, ban kuma ga laifinsu ba. Ƙasa ce mai kyau, ruwa ba ya kwana a kanta, suna kallo muna tattake ta da ƙafa. Da suka matsa masa sai ya yanke magana a gaban dagaci. Ya ce muddin ana buga wasa duk ranar da aka sa, fili na Guguwa ne. Ranar da aka sa wasa aka kasa bugawa, ko da wane dalili, garma ta shiga. Shekara goma sha ɗaya ba mu taɓa fashi ba.

Sai wata Asabar a tsakiyar damina, ranar da za mu karɓi 'yan Tudun Faru na tsallaken gulbi, wasan ƙarshe na shekara. Tun asuba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai hantsi. Da muka fito muka tarar ya wanke layukan fili tas. Muka buɗe akwatin kaya, ashe ɓera ya shiga ya cinye gefe guda na ƙwallonmu, ita ke nan gare mu. Ana cikin haka aka zo aka ce gulbi ya kawo, baƙinmu da alƙalin wasa suna can tsaye a wancan gaɓar. Ƙarfe huɗu za a busa. Bawa, babban ɗan Baba Jatau, ya zo da shanun huɗarsa ya ɗaure a bakin fili, ya gaishe mu da kyau, ya zauna yana cin goro. Irin dankali ma ya riga ya tanada.

To, akwai wata mata, Inna Tabawa mai sabulun salo. Ita ce mai guɗar Guguwa. In muka ci ƙwallo, mutanen da ke gona ba sa tambaya, muryarta suke ji su san an ci. Da toka muke zana fili, daga juji muke kwasowa, ranar nan kuwa duk tokar gari ta zama taɓo, ta murhun gidaje ma ko cikin kwano ba ta kai ba. Alƙalin wasan da ke tafe mun san halinsa, bara ya ƙi busa usur a wani gari don ba layi. Tabawa tana da busasshiyar toka buhu uku a rataye cikin ɗakinta, ta karan dawa, wadda ta tara tun rani. Da ita take tace ruwan da take dafa sabulu, kuma in ta ƙare ba ta da wata sai an sake girbi. Ba wanda ya roƙe ta, don ba wanda ke da bakin roƙon. Muna tsaye cirko-cirko sai ga ta da buhu a ka. Ta huda ƙwarya, ta ɗaure zane, ta kama tafiya daga kusurwa zuwa kusurwa ba igiya ba awo. Na ce mata, “Inna, bari a kawo igiya kada ya karkace.” Ta dube ni ta ce, “Gola, shekara goma sha ɗaya ina kallon filin nan, kai kuwa bakin raga kawai ka sani.” Layin ya fita ɗoɗar. Tokar ta ci mata tafin hannu har ya tsattsage, kuma daminar nan ba ta dafa sabulu ba. Masu saye suka koma wajen wata, da yawansu ba su dawo ba.

Sai Nomau makaɗi. Shi ke zama bayan ragata da gangarsa, in an matsa mana ya yi ta yi mini kirari har in ji kamar raga ta ƙanƙance. Ƙwallon lokacin ta fata ce mai ɗinki, da roba a ciki. Robar mai facin keke ya liƙe ta, fatar ce matsala. Baduku ya sa jemammiyar fata, aka buga iska, bugu biyu ta saki ta yi ƙulu kamar maruru. Ya sake, ta sake saki. Ya ce sai fata mai tauri irin ta ganga, wadda ta sha miƙa, shi kuwa ba shi da ita. Kada ku ce baƙi su zo da tasu. A wancan zamani wa zai ɗauki ƙwallonsa guda ɗaya ya kai garin wasu? Gangar Nomau ta gado ce, fatar da ke kanta mahaifinsa ne ya ɗaura da hannunsa wata biyu kafin ya rasu, ita ce aikinsa na ƙarshe. Nomau ko ɗansa ba ya bari ya taɓa. Ya shafa ta, sannan ya ce a ba shi wuƙa. Ya yanke, ya jiƙa, ya ɗinke da basilla da kansa, ya gasa a bakin wuta har ta kama. Ina kusa da shi, na ga hawaye na bin gemunsa, bai share ba kuma bai daina ɗinkin ba. Aka buga iska, na ɗaga ta sama na doka da ƙarfina, ta dawo lafiya lau. Daga baya ya sa wata fatar, amma ya ce muryar ba ita ba ce, kuma mu ma mun ji.

Na ukunsu Arzika mai kwale-kwale. Wannan son Guguwa har ya yi masa yawa. Duk inda za mu je shi ke haye da mu, bai taɓa rasa wasa ko ɗaya ba, in aka ci mu kwana biyu ba ya cin tuwo. Ranar nan gulbi ya yi ja, yana tafe da itatuwa da bukkokin mutane, sauran masu fito duk sun ja jiragensu tudu. Ga kuma wani abu: in baƙi ba su zo ba, maki namu ne a ɓagas, kofi kuma namu. Har wasu suka fara murna, suna cewa a bar su can su yi ta tsayuwa. Arzika ya ce, “Ku ɗauki kofin, sai ku riƙa buga ƙwallon a cikinsa.” Ya ɗauki gorarsa ya tafi. Sahu uku ya yi. A na ƙarshe, wanda alƙalin wasa ke ciki, wani kututture ya daki jirgin ya tsaga shi, 'yan wasa suna kwarfar ruwa da takalmansu, shi yana tuƙi yana ce musu kada wanda ya miƙe. Ya sauke su ba wanda ya rasa ko hula. Amma dole a mai da su kafin duhu, sai ya zauna a bakin gulbi yana toshe tsagar da tsumma da ƙaro. Wasan da ya sa ransa a kai bai ga ko bugu ɗaya ba, hayaniya kawai yake jiyowa.

Huɗu saura kaɗan aka busa usur. Bawa ya kwance shanunsa, ya kai su gida, ya dawo ya tsaya kallo kamar kowa. Mu muka fara ci, Tabawa ta rangaɗa guɗa, sai muka ji wani iri, don ba ganga a bayanta. Na waiga na ga Nomau yana dukan cinyarsa da gula. Bayan hutu suka farke, dab da tashi suka ƙara. Ta biyun ta ina ta wuce? Ba sai kun tambaya ba, ta tsakanin ƙafafuna ta wuce, kuma wanda ya yi dariya ba zan ƙarasa labarin ba. Kofi ya tafi Tudun Faru, a cikin jirgin Arzika kuwa ya tafi. Wasu marasa kunya suka bi shi bakin ruwa suna zaginsa, wai shi ya ɗauko mana bala'i. Mu dai mun sha kashi, amma fili yana hannunmu.

Baba Jatau a kan kujera aka kawo shi ranar, don ƙafa ta riga ta ƙi. Ya ga komai, abin da bai gani ba aka ba shi labari. Washegari ya aika aka kira mu, mu bakwai. Ya ce, “Na gaji da aro. Zan ba da filin nan kyauta, a rubuta a gaban dagaci tun ina da rai. Amma ba zan rubuta sunan ƙungiya ba, ƙungiya yau tana nan gobe ta watse. Mutum ɗaya nake so ya riƙe amana, wanda 'ya'yana za su dubi idonsa su ji nauyi. Cikin ukun nan na jiya ku zaɓo mini wanda ya fi, ku kawo mini sunansa.” Muka ce a rubuta su duka uku mana. Ya ce a'a, abin mutum uku ba na kowa ba ne, ya ga yadda ake yi da gonar gado.

Muka je wa su ukun, ko wani zai sauƙaƙa mana. Tabawa ta ce ita toka kawai ta zuba. Nomau ya ce a ba Arzika. Arzika ya ce mutumin da rabin gari ke zagi ba ya riƙe amanar gari, a ba Inna. Sai muka koma muka zauna. Mutum biyu suka ce Tabawa, don ba layi ba usur, kuma ita ce ta rasa abin da take ci da shi. Biyu suka ce Nomau, don ko an zana fili da zinariya ba a buga wasa ba ƙwallo, kuma abin da ya yanka ba a sayo irinsa a kasuwa. Biyu suka ce Arzika, don da wa za a buga in ba baƙi, shi ne kuma ya sa ransa, ya bar kofi ya tafi, ya sha zagi a kai. Saura mutum ɗaya. Ni ne na bakwai.

Na ce su bar ni in yi tunani. In na wuce ƙofar Tabawa na ga tukunyar sabulu a kife, sai in ce ita ce. In na haɗu da Nomau ba ganga a kafaɗa, sai zuciyata ta juya. In na gangara gulbi na ga facin jirgin nan, sai in rasa ta cewa. Tsoro nake kada in zalunci mutum biyu. Sau biyu Baba Jatau yana aikowa, ina cewa gobe. Ran kwana goma sha tara ina alwalar azahar aka zo aka ce ya cika.

Ba takarda, ba suna, fili ya shiga gado. Bawa ya yi mana kara, sai da aka yi sadakar arba'in shanu suka shiga. Mu da kanmu muka tuge sandunan raga. Guguwa ta yi shekara biyu tana raɓe-raɓe a filayen mutane, sannan ta mutu. Layin shagunan can da kuke sayen katin waya, daidai nan nake tsayawa. Su ukun duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma har suka tafi ba wanda ya taɓa ce mini don me. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Shekara arba'in ke nan ina juya maganar, har gobe ban sami amsa ba, kuma abin yana ci mini rai.

To, ga ku nan, kowa gwanin musu. Da ɗayanku ne na bakwai a ranar nan, tsakanin Tabawa da Nomau da Arzika, sunan wa zai kai wa Baba Jatau?