Ƙawayen Amaryar Kurege

Ga ta nan ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, ku matso kusa da murhu.

Hansai amaryar Kurege ta je rafi, sai ta ji Kunkuru yana tambayar Bushiya: "Wai gonar kirki, wadda ta cika rumbu bana ce, ko wadda za ta ciyar da jika?" Ya ce Zaki ya aike shi duba gonaki, wadda ƙasarta ta mutu a ƙwace. Shi kuwa ba ruwansa da dami, ƙasa yake tonawa, inda ya ga tsutsar tana, nan rai yake.

Daga nesa aka kawo Hansai, ba ta san kowa ba, miji kullum yawo. Bayan ɗaki take zuba toka da kowar wake da kashin awaki. Tana suka taru a wurin, su ne ƙawayen hirarta.

Gonar Kurege kuwa, ya sare gawo, ya ƙone kara, ya cinye iri. Da Hansai ta ba shi labarin Kunkuru, sai ya kwashe ƙawayenta a ƙwarya.

Ta ce, "Maigida, rana za ta kashe su."

Ya ce, "Ke, aro ne."

Ya watsa su a gona, ya zauna jiran Kunkuru. Kunkuru na tafe, na tafe. Kurege ya yi hamma. Kunkuru na tafe, na tafe. Kurege ya yi barci, tana suka ja ciki suka koma gida.

Kunkuru ya iso, ya tona, farce ya karye.

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ce maka gona ce? Filin kokawata ne."

Ya kai shi bayan ɗaki, ya ce ga gonarsa. Kunkuru ya tona, ya sunsuna, ya sa albarka. Kurege ya shiga gari yana koya wa dabbobi noma.

Hansai ta duba ƙawayenta, ba duka suka dawo ba. Ta hango Kunkuru, ko ƙofar gida bai kai ba, da ta yi gyaran murya zai juyo ta faɗa masa gaskiya. Amma in gari ya ji, kowa da ƙwaryarsa zai zo aro. Ta yayyafa musu ruwa, ta ja bakinta ta yi shiru.

Kurunkus. In za ka yi ƙarya da abin aro, ka ari wanda bai san hanyar gida ba.