Naman Lahadin Anselmo

Akwai wata mata a unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a Rosario, sunanta Delfina. Mijinta Anselmo tsohon direban bas ne, mutumin kirki, sai dai gudun kada a ce ya gaza ya fi ƙarfinsa.

Da tsada ta taso, farashin safe daban na yamma daban, Delfina ta ɗaura ɗamara. Ta yanke kuɗin talabijin, ta rage kunna gas, har ganyen shayinmu na mate ta koma shanyawa a rana don a maimaita. Duk wannan Anselmo ya yarda. Abu ɗaya ya kafe a kai, gashin naman Lahadi, ranar da 'ya'ya da jikoki ke cika masa gida.

Ta sha tambayarsa inda yake samo kuɗin naman, alhali fanshonsa ko tsakiyar wata ba ya kaiwa. Sai ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, ke dai yanka tumatirinki. Namiji ba ya rasa dabara."

Wata Lahadi da hantsi yana tsaye gaban garwashi, Delfina ta cika ƙoƙon mate ta miƙa masa. Ya zuƙa sau ɗaya, ya mayar mata, ya ce, "Na gode."

Delfina ta tsaya tana kallonsa. A al'adarmu ba a gode wa mai zuba mate sai in mutum ya ƙoshi da sha, shi kuwa Anselmo tun aurensu ba ya godiya sai ya ga ƙarshen ruwan buta. 'Yarsu Noemí ta tsokane shi da cewa ko Baba ya fara tsimin ruwan zafi ne. Bai rama ba, shi da ba a kayar da shi a baki.

Delfina ta matsa kusa, ta ga ruwan da ya zuƙa yana zirarowa ta gefen bakinsa. Ƙarfen juya nama ya suɓuce daga hannunsa. Ta kira sunansa, ya dube ta kamar baƙuwa. Nan take Noemí ta ruga ta ɗauko maƙwabci da motarsa.

A asibiti likita ta tambaya ko yana shan maganin hawan jininsa. Delfina ta rantse cewa kullum a gabanta yake sha. Anselmo ya kawar da kai, hawaye na bin fuskarsa. Da ƙyar, da karkataccen baki, ya faɗi gaskiya. Da farko raba ƙwayar biyu yake yi, sannan huɗu. Daga baya ya daina saye, ya koma kai hannu baki yana kora ruwa zalla. Kuɗin maganin ne mahauci ke karɓa.

Noemí ta durƙusa gefen gadon ta ce, "Baba, mun daɗe muna so mu ce a bar naman nan. Kunyarka muka ji. Ko busasshen burodi ne ai za mu zo."

Likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, zai rayu, amma hannun dama da wuya ya dawo. Da yamma Delfina ta koma gida ɗauko masa kaya, ta tarar da naman a kan wayar gashi ya ƙone ƙurmus, ko yanka ɗaya ba wanda ya ci.

Darasi: In aljihu ya matse, ku zauna da iyali ku yanke tare, a fara da kwalliya, kada a taɓa magani. Kunyar faɗin "ba ni da shi" ta fi kwanciya a gadon asibiti sauƙi. Ku tura wannan labari ga duk wani magidanci da ke fama shi kaɗai yana murmushi.